Ɗakin da Ba a Shiga da Ƙarfe

Ranar Litinin da hantsi aka gane kundin farko na Sashen Fiziks ya ɓace. Kafin a tashi aiki, kowa a ginin ya riga ya san ɓarawon, alhali babu ko mutum ɗaya da ya ga komai. Masu ilimi ma haka suke. In ana neman wanda za a ɗora wa laifi, ƙasa suke dubawa, ba sa ɗaga kai sama.

Kundin littafi ne mai baƙin bango, kaurinsa kamar bulo. A cikinsa aka riƙa manna bayanin kowane zama na malamai tun ranar da aka buɗe sashen, shekara arba'in da suka wuce, lokacin da fiziks da kemistiri da lissafi suke ƙarƙashin shugaba ɗaya a ɗaki uku. Wanda aka ɗauka aiki, darasin da aka ƙara, ranar da aka raba sashen gida uku, duk suna ciki. Jami'a tana shirin bikin cika shekara arba'in, sai aka ɗora wa wata malamar tarihi aikin rubuta tarihin sashen. Ranar Juma'a ta ga kundin da idonta, ta ce Litinin za ta fara karanta shi. Litinin ta zo, ta tarar da gurbinsa.

Wurin ajiyarsa wani ɗaki ne a ƙarshen baranda, wanda har yanzu ake kira ɗakin maganaɗisu, ko da yake an yi shekara talatin da kwashe na'urorin ciki aka mayar da shi ma'ajiyar takardu. Ba a fasa kwaɗo ba. Makullin ɗakin biyu ne: ɗaya a akwatin makullai na ofishin Shugaban sashe, ɗaya a wuyan Mai Gilashi.

Mai Gilashi shi ne mai hura bututun gilashi da gyaran kayan gwaji. Yana ɗan shekara ashirin ya shigo sashen, ba shi da digiri, saura wata huɗu ya yi ritaya. Shugaba ya miƙa masa takardar dakatarwa a tsaye, ya ce kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Alhamis. In kundin bai fito ba, kora ce, kuma da sunan ɓarawo zai koma gida bayan shekara arba'in. Mai Gilashi ya cire igiyar makullai daga wuyansa, ya ajiye a kan tebur, ya fita.

Malamar tarihi ce kaɗai abin ya hana sukuni, don tana ganin bakinta ne ya jawo. Ita ta gangara ƙaramar ƙofar jami'a ta kira Mai Sawu.

Mai Sawu maigadi ne, tsoho siriri mai jan ƙafar hagu. A ƙuruciyarsa bin sawun shanun sata ne aikinsa. Bai iya karatu ba, bai kuma taɓa jin kunyar faɗa ba.

Da suka isa ƙofar ɗakin ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Mutum nawa suka shiga nan yau, 'yata?"

"Sun kai ashirin, Baba."

"Ashirin. Garken shanu ma ya fi su tsari, su ko layi suna bi."

Ya bar ƙasa ya koma kan ƙofar. Ya shafa kwaɗon, ya shafa ƙusoshin, ya ga duk na tagulla ne. A gefen dama akwai wani turken katako a jikin bango wanda ya yi sumul saboda yawan rataya. A gefen hagu kuma akwai 'yar kanta ta katako daidai kafaɗa, wadda ƙyauren ke rufewa in an buɗe ƙofa. Garin alli daga tagar ajin da ke maƙwabtaka ya kwanta a kanta fari fat. Ya matso da fuskarsa, ya riƙe numfashi.

"Zo ki gani. Kada ki hura."

A cikin garin allin akwai wata 'yar da'ira, gefenta biyu da jerin layuka ƙanana kamar sawun shanshani. Kusa da ita wani shaci ne mai faɗin kai.

"Mene ne wannan?"

"Ban sani ba tukuna. Na dai san sabo ne, don alli bai sake rufe shi ba. Asabar da Lahadi ba a rubutu a allo, ko?"

"Ba a yi."

"To ɗauke shi a wayarki. Kuma bakinki alaikum."

A ofis, Shugaba bai ko ba shi kujera ba. Mutum ne mai gaggawa, shekararsa tara a sashen, duk hankalinsa yana kan biki.

"Ranka ya daɗe, makulli na biyu wa ke iya ɗauka?"

"Manyan malamai. Kana nufin farfesa ne zai saci tsohon littafi? Baba, an ce kana bin shanu, ba a ce kana bin farfesoshi ba."

"Duk ƙafa gare su, ranka ya daɗe."

A kusurwa wani ya yi dariya. Farfesa ne, babban malamin sashen, wanda za a karrama a bikin, wanda kuma ake ta raɗe-raɗin zai zama shugaban jami'a. Ya gyara zama ya ce, "Ni dai shawarata a bi a hankali da Mai Gilashi. Wata huɗu ne, a bar shi ya tafi salin-alin, a rufe maganar. Baba, ka tambayi mai shara kuwa? Na ji ana cewa tana kwasar tsoffin takardu tana kai wa masu shago. Sannan mutanen kemistiri sun daɗe suna cewa ginin nan nasu ne tun rabo." Ya duba agogonsa, ya miƙe. "Ina da aji."

Mai Sawu ya bi duka biyun, don mai bin sawu ba ya raina hanya. Mai shara ba ta yi musu ba, ta kai shi har shagon da take kai takardun. Aka zazzage buhu biyu, ba komai sai tsoffin takardun jarrabawa.

"Ni da wannan jibgegen littafin? Wa zai naɗe kaya da bangon da ya fi ƙyaure tauri?"

"Kantar nan ta bayan ƙofa, kina goge ta?"

"Wace kanta?"

Shugaban Kemistiri kuwa dariya ya yi har da buga tebur. Ya ce shi ya fi kowa son kundin ya fito, don ya tabbata a cikinsa aka rubuta cewa ginin rabonsu ne. "In ka same shi, Baba, ni za ka fara kawo wa."

Ranar Talata da yamma ya je gidan Mai Gilashi. Ya same shi a tsakar gida yana gyara wa maƙwabciya fitila, matarsa na zaune a bakin ƙofa idonta ya yi ja. Mai Sawu ya zauna a kan benci yana kallon hannuwansa. Duk tabon ƙuna ne, wuyan hannun kuma wayam.

"Ba ka ɗaura agogo, Dattijo?"

"Mai aiki da wuta? Ƙarfe ya yi zafi ya gasa ni?"

"Turken nan na gefen ƙofa, kai ke rataya a kai."

"Ni ne."

"Kantar fa?"

Hannun Mai Gilashi ya tsaya a kan fitilar. Sai ya ci gaba da murɗa lagwani.

"Ranar Litinin ka duba ta," in ji Mai Sawu. "Ka riga ni. Ka san wanda ya ɗauka."

"Gilashi na sani."

Matar ta ce, "Ka ji shi ko? Tun jiya haka yake min. Za a kira 'ya'yansa 'ya'yan ɓarawo, shi yana nan yana gyaran fitilar mutane."

"Fitilar ma ai tana buƙatar gyara," in ji shi a hankali. "Ka sha ruwa ka tafi, abokina. Ƙafarka ba ta son tsayuwa."

Ni ban yaba wa irin wannan shirun ba, domin mutum ba shi kaɗai ya mallaki sunansa ba, iyalinsa ma suna da rabo a ciki. Amma ban ce ban gane daga inda ya fito ba.

Ranar Laraba malamar tarihi ta raka Mai Sawu gidan Inna Tafireta, wadda ta buga kowace takarda ta sashen tsawon shekara talatin kafin gwiwa ta zaunar da ita. Tana kishingiɗe a falo, tsohuwar tafiretarta na kan kabad an lulluɓe ta da gyale.

"Inna, me ya sa ƙusoshin ƙofar nan na tagulla ne?"

"Ka tambayi wadda ta sani. Mai Gemu ne ya sa, shugabanmu na farko. A ɗakin nan akwai wata allura da aka rataye da zare siririn gaske, tana auna maganaɗisun ƙasa. Ko tsinken ƙarfe ka shiga da shi sai ta karkata, aikin mako guda ya lalace. Shi ya sa ya kafa doka, ita ce ma magana ta farko a shafin farko, ni na buga ta: ba a shiga da ƙarfe. Makulli, agogo, bel mai kan ƙarfe, duk a waje. Ma'aikata su rataya a turke, ɗalibai su ajiye a kanta. Wanda ya manta, sati biyu yana wanke kwalabe. Ni kaina sai da ya sa na bar 'yan kunne. Har yau dubi kunnena."

"Yanzu ai babu allurar."

"Shekara talatin ke nan. Amma jiki ba ya jin sanarwa, ɗan'uwa. Ranar da na je sallama, sai ga ni ina lalubar kunne a bakin ƙofa."

"Cikin waɗanda suka san dokar, su wa suka rage?"

"Ni ɗaya. Mai Gilashi biyu. Sai..." Ta dubi malamar, ta dubi tafiretar. "Na gaji. Ku gaida mutanen sashe."

"Inna, gobe za a kore shi."

"Ni abin da na gani na buga, ban taɓa ƙara wasali ba. Mai Gemu ya ce kundi ba ya ƙarya, ko gaskiyar za ta ci mu. Wanda ya ɗauka ya san abin da ke shekara ta shida. Iyakar abin da zan ce ke nan."

A hanya malamar ta ce, "Baba, ba ta faɗi sunan ba."

"Ta faɗa. Ta ce ɗalibai a kanta. Je ki roƙi Shugaba a yi zaman gobe a cikin ɗakin, ki ce kwamiti ya kamata ya ga wurin da ido."

Ranar Alhamis da ƙarfe goma suka taru a baranda: Shugaba, Farfesa, Shugaban Kemistiri, wakilin magatakarda da fayil a hammata, malamar tarihi, mai shara, sai Mai Gilashi a baya da wankakkiyar riga. Inna ma ta zo, ba wanda ya gayyace ta, tana dogara sanda. Mai Sawu ya buɗe kwaɗon, ya tura ƙyauren rabi kawai, ya tsaya gefe.

"Ɗaya bayan ɗaya, ranku ya daɗe. Ɗakin ƙarami ne."

Shugaba ya shige, makullan motarsa na kaɗawa a yatsa. Shugaban Kemistiri ya bi shi, wakilin magatakarda ya bi. Mai Gilashi ya kai hannu wuyansa, ya tarar ba igiya, ya sauke hannun. Farfesa yana cikin yi wa malamar tarihi bayanin yadda za ta tsara babi na farko. Bakinsa bai tsaya ba, idonsa na kanta, yatsunsa suka ɓalle agogon, suka zaro makullin mota daga aljihu, suka ɗora su a kan kantar nan ta bayan ƙofa. Ya sa ƙafa ciki.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Sawu. "Dakata kaɗan."

Ya kira na cikin suka fito. Ya ɗaga agogon da yatsa biyu, ya ɗaga makullin. A cikin garin allin, da'ira biyu ne gefe da gefe, tazararsu ba ta kai faɗin yatsa ba, kowace da sawun shanshaninta, kowace da shacin makulli a kusa. Malamar ta nuna hoton ranar Litinin, mai da'ira ɗaya.

"Ɓarawon da na saba bi," in ji Mai Sawu, "yana shiga da ƙarfe ne, don ya fasa. Wannan ne na farko da na gani ya ajiye nasa a waje. Duk wanda ya koyar da shi ya iya koyarwa."

Shugaba ya ce, "Wannan ai rashin kunya ne. Agogo irin wannan nawa ne a gari?"

"Bar shi," in ji Farfesa.

Ya daɗe yana kallon kantar. Sai ya karɓi makullin motarsa, ya bar agogon, ya sauka. Can ya dawo rungume da kundin. Ya buɗe shi a kan tebur ba tare da ya nemi shafi ba, alamar ya kwana biyu yana buɗe wurin.

"A shekara ta shida," in ji shi, "ɓarin jikin Mai Gemu ya shanye. Sauran malamai biyu sun tafi ƙaro karatu. A lokacin majalisar jami'a ta ce duk sashen da ba shi da shugaba a tsaye za a rufe shi, ɗalibai su nemi wani wuri. Mu tara ne, 'yan shekarar ƙarshe. Ga abin da Inna ta buga." Ya karanta: "Shugaba yana kwance. Mai Gilashi ya jagoranci zama. Mai Gilashi ya koyar da darasin haske da na lantarki. Mai Gilashi ya tsara jarrabawar ƙarshe, ya karanta wa Shugaba tambayoyin a gadonsa, Shugaba ya gyaɗa kai ya amince. Mai Gilashi ya duba takardu tara." Ya rufe. "Wata goma sha tara haka. Da safe ya koya mana, da yamma ya je ya zauna gefen gadon Mai Gemu da littafi, yana koyon abin da zai koya mana gobe."

Wakilin magatakarda ya ce, "To me ya sa ka ɗauke?"

"Don kada a rubuta a littafin biki cewa mai hura gilashi ne ya ba ni digiri. Ina da masu jiran irin wannan. Ranar Asabar da rana na zo na ɗauka, na ce zan ƙone. Na kasa. Da aka kama shi na ce wa kaina wata huɗu ne, zai wuce."

"Zai wuce," in ji Inna tana dogare da sandarta. "Kai da ya riƙa ba ka rabin abincinsa."

Abin da Farfesa ya yi ƙazanta ne, ba na neman masa wani suna. Wanda ya ji kunyar hannun da ya ɗaga shi ya faɗi jarrabawar da ta fi ta digiri. Amma zan faɗi ɗaya gefen, don shi ma gaskiya ne. Shugaba ya riga ya buɗe masa ƙofar musu, kuma da ya bi ta, maganar farfesa ce da ta maigadi. Bai bi ba. Da ƙafarsa ya sauka ya ɗauko.

Wakilin magatakarda ya ce digirin ba shi da matsala, tun da majalisa ta amince da sakamakon tun wancan lokaci. Maganar ɗaukar kundi da barin wani ya sha zargi kuwa, dole ta je gaban kwamiti. Farfesa ya ce ya sani, zai rubuta da hannunsa, kuma a cire sunansa daga waɗanda za a karrama. Shugaba ya zaro kwafin takardar dakatarwa daga fayil, ya juya ta gaba da baya, ya yage. Bai iya ba da haƙuri ba, sai ya ce wa mai shara ta kawo wa Mai Gilashi kujera.

Malamar tarihi ta ce, "Baba Mai Gilashi, a jerin shugabannin sashe akwai wata goma sha tara da za a gyara. Yaya kake so a rubuta sunanka?"

"Ki rubuta abin da Inna ta buga, kada ki ƙara. Shugaba Mai Gemu ne, yana kwance ne kawai." Ya juya ga Shugaba. "Ranka ya daɗe, makullaina. Na bar bututu uku ban ƙarasa ba."

Shugaban Kemistiri yana can ya duƙufa a kan kundin yana neman shafin rabon gini. Mai Sawu ya riga ya kama hanyar ƙaramar ƙofa yana jan ƙafa, don ya bar wani yana riƙe masa aiki. Malamar ta bi shi da godiya, ya ce ta dai gaya wa mai shara yanzu tana iya goge kantar.

Aka watse, saura mutum biyu a baranda. Mai Gilashi ya rataya igiyarsa a wuya, ya ɗauki agogon daga kan kanta, ya hure allin da ya maƙale a jiki, ya miƙa.

"Karɓi kayanka. Kuma gaba in za ka yi sata, ka manta da abin da aka koya maka."

Farfesa ya karɓa da hannu biyu. Shekara talatin da huɗu rabonsa da kiran mutumin nan da sunan da suke kiransa a aji.

"Ban ma san na cire ba, Malam."

"Na sani," in ji Mai Gilashi. "Kai kaɗai ne a cikin taran ba ka taɓa wanke kwalabe ba."